Takin Nano: Kafin A Kai Shi Gona, A Binciki Abin Da Zai Yi Wa Tunkiya

Duk wanda ya san harkar noma a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san ba a yasar da komai a gona. Idan an yanke gero da dawa, zangarniya ta shiga rumbu, kara kuma ya tafi ga shanu ko a yi danga da shi. Idan an yi roron wake, an cire gyaɗa, sai a ɗaure harawa dami-dami a ɗora a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya, a jira rani ya tsananta farashinta ya tashi. Kowar wake, dusa, ƙaiƙayi, kowanne akwai bakin da ke jiran sa. Abin da ya rage a fili kuwa garken makiyayi ne zai bi ya kalace, ya bar wa mai gona kashin da zai zama takin baɗi.

Mun kawo wannan ne saboda wata sabuwar fasaha da ake ta yayatawa a duniyar noma, wadda masu tallata ta suka fi magana a kan yawan buhunan da za a samu, suka yi ƙarancin magana a kan dabbar da za ta ci ganyen da aka fesa. Fasahar ita ce ta amfani da ƙwayoyin ƙarfe da ake kira nano a matsayin taki ko maganin feshi.

Kalmar nano sunan ma'auni ce. Idan aka ɗauki milimita ɗaya, wato ƙaramin zanen da ke jikin rular 'yan makaranta, aka raba ta gida miliyan ɗaya, kowane kaso shi ne nanomita. Ƙwayoyin da ake magana a kai girmansu daga nanomita 1 zuwa 100 ne, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai kusan nanomita 80,000. Ana yin su da sinadarin zink, wanda wasu ke kira tutiya, da jan ƙarfe, da baƙin ƙarfe, da azurfa. Dalilin niƙe su haka shi ne duk abin da aka yi wa laushi ya fi saurin aiki. Dunƙulen kanwa yakan daɗe a cikin ruwa bai narke ba, amma garinta nan take yake bin ruwa. Haka ƙwayar nano take: tana manne wa ganye, wani sashe nata yana shiga ta ƙananan ƙofofin da shuka ke shaƙar iska, saboda haka kaɗan ke yin aikin mai yawa.

Adalci ne a faɗi cewa akwai alheri a ciki, kuma alherin ya shafe mu kai tsaye. A 2016 masu bincike biyu a tashar gwajin aikin gona ta jihar Konetikat a Amurka, Wade Elmer da Jason White, sun nuna cewa idan aka fesa wa dashen tumatir da yalo ƙwayoyin jan ƙarfe tun suna ƙanana, sun fi jure cutar da ke kama saiwa ta sa shuka yaushi, kuma sun fi ba da amfani. A 2019 Christian Dimkpa da abokan aikinsa a cibiyar bunƙasa taki ta duniya, IFDC, sun gwada ƙwayoyin zink a kan dawa a yanayin ƙarancin ruwa, suka ga ƙwayar hatsin ta ƙaru, zink ɗin da ke cikinta ma ya ƙaru. Dawa da fari, ai labarin gidanmu ne. Ƙasar jigawa da aka daɗe ana nomawa ba hutu takan rasa zink, kamfa da yuriya kuma ba sa mayar mata da shi. Yaran yankin ma suna buƙatarsa, shi ya sa a asibiti ake haɗa ƙwayar zink da ruwan gishiri da sukari idan yaro yana gudawa. A tantancewar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a Shinkafi da Zurmi a 2024, an samu kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Mai irin wannan matsala ba shi da damar raina duk wata dabara da za ta ƙara wa hatsi yawa da gina jiki.

To amma waɗannan gwaje-gwaje a tukwane da ƙananan filaye aka yi su, kuma tambayar da suka amsa ita ce ko shuka ta ji daɗi. Tambayarmu a nan ta wuce haka.

Mu ɗauki jan ƙarfe, domin shi ne wanda likitocin dabbobi suka fi sanin halinsa. Kowace dabba tana buƙatar ɗan kaɗan a jikinta, rashinsa ma cuta ce. Sai dai tunkiya daban take da sauran dabbobin gida. Hantarta tana tara jan ƙarfe amma ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata, don haka tazarar da ke tsakanin abin da ya ishe ta da abin da zai kashe ta 'yar kaɗan ce. Dokar Tarayyar Turai ta abincin dabbobi ta nuna wannan bambanci ƙarara: ta yarda a kai miligiram 35 a kowane kilo na abincin awaki, 30 ga manyan shanu, amma ga tumaki ta tsaya a 15.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda cutar ke zuwa. Rago zai yi makonni ko watanni yana cin abincin da jan ƙarfe ya yi wa yawa, yana ƙiba, gashinsa yana sheƙi, babu alamar komai. Hanta tana ta tarawa. Ranar da ya gamu da wahala, kamar doguwar tafiya a mota, ko yunwa, ko sauyin yanayi, sai hantar ta saki abin da ta tara a cikin jini lokaci guda. Idanunsa su yi ɗorawa kamar mai shawara, fitsarinsa ya yi ja ya koma baƙi-baƙi, cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki ya mutu. Yanzu a yi tunanin ragon da wata baiwar Allah ta turke a gidanta a Zurmi wata shida tana ba shi harawa da dusa, aka kai shi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ana saura mako biyu Babbar Sallah, aka loda shi a tirela zuwa Legas. Idan ya faɗi a hanya, za a ce zafi ne ko cunkoso. Babu wanda zai koma ya tambayi abin da aka fesa wa waken da aka yi harawar da shi.

Wannan ba sabon abu ba ne da nano ta zo da shi. An daɗe da sanin tumaki na mutuwa idan suka yi kiwo a ƙarƙashin itatuwan da aka yi wa feshin jan ƙarfe, ko aka ba su abincin da aka haɗa domin kaji ko aladu. Masu goyon bayan nano ma da wannan suke kafa hujja, suna cewa tunda kaɗan ake zubawa, haɗarin zai ragu. Yana iya zama haka, kuma idan gwaji ya tabbatar, mu ne za mu fara murna. Amma siffar da ta sa ƙwayar ta fi aiki, wato mannewa a ganye da shiga cikinsa, ita ce kuma ke iya hana ruwan sama wanke ta. Manomin Amurka da ya noma tumatir yakan kwashe 'ya'yan ya bar ganyen ya ruɓe a gona. Namu manomin ganyen wake da na gyaɗa kuɗi ne a wurinsa, a wasu shekarun ma harawar ce ke fitar da shi kunya idan ƙwayar ba ta yi ba.

Akwai binciken da ya taɓa wannan gefe. A 2012 wata tawaga daga Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ƙarƙashin Farfesa Patricia Holden, ta shuka waken suya a ƙasar da aka cakuɗa da ƙwayoyin nano iri biyu. A inda aka sa na zink, sinadarin ya hau har cikin ganye da ƙwayar waken. A inda aka sa na wani ƙarfe da ake kira siriyom, ƙwayoyin sun shiga 'yan ƙululun da ke jikin saiwa, inda ƙananan halittu ke kamo naitirojin daga iska su ba shuka, kuma da adadin ya yi yawa sai wannan aiki ya kusan tsayawa. Manoman Ƙaura, garin da gyaɗa da auduga suka jawo masa layin dogo tun 1929, ba sa buƙatar a yi musu bayanin cewa gonar da aka cire gyaɗa ko wake ta fi karɓar dawa a shekara mai zuwa. Waɗannan ƙululun ne sirrin, kuma taki ne na kyauta ga wanda kuɗin buhu ya gagara. Shekara guda kafin wannan, a Jami'ar Kentaki, an ciyar da tsutsa ganyen tabar da ya sha ƙwayoyin zinare, aka tarar abin da ya taru a jikin tsutsar ya ninka na ganyen sau 6 zuwa kusan 12. Tsutsa ba tunkiya ba ce, zinare kuma ba taki ba ne, amma gwajin ya nuna ƙwayar na iya tashi daga shuka ta taru a jikin mai cin ta.

Sannan ƙarfe ba ya ruɓewa. Maganin ƙwari da yawa rana da ƙasa suna cinye su a hankali, shi kuwa ƙarfe inda aka zuba shi nan yake, sai dai ruwa ya ɗauke shi ya kai wani wuri. Manoman inabi na Faransa sun fara feshin jan ƙarfe a shekarun 1880, yau ga jikokinsu da gonakin da ya taru a ciki har tana ta yi ƙaranci. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa daga 2019 kada a wuce kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. A 2022 kuma ta hana ba 'yan aladu zink mai yawa a matsayin magani, domin yana bin kashinsu ya taru a gonaki. A shekarar dai ta haramta sa farin sinadarin titaniyom a abinci, wanda wani kaso nasa ƙwayoyin nano ne, bayan hukumar lafiyar abincinta ta ce ba za ta iya ba da tabbacin amincinsa ba. Ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji a kowane lungu ke nan suke taka-tsantsan. A wurinmu inda dabba ke cin kara ta mayar da kashi gona, gona ta sake ba ta kara, duk abin da ya shiga wannan zagaye ba shi da ƙofar fita. Ƙasa mai rairayi da ƙarancin taki kuma ba ta riƙe ƙarfe kamar laka, don haka ya fi saurin kaiwa ga saiwa da ruwa. Kowa ya san inda ake wanke injin feshi idan an tashi daga aiki a fadamun Gagare da Bunsuru: a bakin ruwan da shanu ke sha, yara ke kamun tarwaɗa. Jan ƙarfe da azurfa kuwa suna cikin abubuwan da kifi ba ya jurewa ko kaɗan.

Jihar Zamfara ta fi kowace jiha a Najeriya sanin abin da ƙurar ƙarfe ke iya yi. A farkon 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara ɓacewa. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Sai a watan Maris likitocin MSF suka gano yara na mutuwa da farfaɗiya da suma, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kaɗai, jami'an hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun ƙidaya yara 118 da suka rasu cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar a shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu ta kai kimanin 400, dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu. Bagega ba ta samu an kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013, bayan an yi ta kiraye-kiraye kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Dalma guba ce tsantsa da jiki ba ya buƙata, zink da jan ƙarfe kuma abinci ne ga shuka da dabba idan ba a wuce ƙima ba, kuma babu mai shirin fesa dalma a gona. Abin da ya haɗa labaran biyu shi ne hanya: gari mai laushin da ido ba ya gani, ya shigo ta sana'ar da talaka ke neman abinci da ita, dabbobin tsakar gida suka fara nuna alama, kuma babu wani ofishi da mai agwagwa zai je ya ce agwagina sun ƙare a saurare shi. Wannan giɓi har yau yana nan, a arewacin jihar ma ya ƙara faɗi, domin rashin tsaro ya sa malamin gona da likitan dabbobi ba sa iya shiga ƙauyuka da yawa. Satar shanu kuma ta sa mutane sun koma ga turke tumaki da awaki a cikin gida, inda yara ke wasa, kuma yawancinsu dukiyar mata ce, ita ce asusunsu na ranar biki da ranar asibiti.

Wani zai ce ai wannan fasaha tana can nesa. Ba ta da nisa kamar yadda ake zato. Kamfanin IFFCO na manoman Indiya ya fara gwajin nano na naitirojin da zink da jan ƙarfe a gonaki a 2019, a 2021 ya fito da yuriyar nano kasuwa, yana cewa kwalba mai rabin lita za ta maye gurbin buhu mai kilo 45. Ana fitar da ita zuwa ƙasashen waje. Ita yuriya ba ƙarfe ba ce, amma labarinta ya isa darasi game da alkawarin 'yan kasuwa. Naitirojin ɗin da ke cikin kwalbar kusan giram 20 ne, na buhun kuwa kusan kilo 20. Masana biyu daga Jami'ar Kofenhagen sun rubuta a 2023 cewa babu hujjar kimiyya da ta tabbatar da wannan iƙirari, sannan gwajin Jami'ar Aikin Gona ta Funjab ya nuna alkama da shinkafa sun ragu inda aka rage yuriyar buhu aka dogara da ta kwalba. A yankin da kai buhun taki ƙauye ke da tsada da haɗari, kwalbar da za a sa a aljihu a hau babur ba za ta sha wahalar samun masu saye ba. A jami'o'inmu ma ɗalibai na ta haɗa ƙwayoyin azurfa da zink da ruwan ganyen dogonyaro da zogale, aiki ne mai kyau, sai dai kada sunan ganye ya ruɗi kowa: ganyen taimakawa ya yi wurin haɗawa, abin da ya fito ƙarfe ne.

Mun kuma ga yadda kayan feshi ke yawo a kasuwanninmu. Ana ɗura su a gorar ruwa a sayar da awon murfi, rubutun jikin kwalba da Turanci ne ko da harshen da ba mai iya karantawa, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce in kaɗan ya yi aiki, mai yawa zai fi. Wannan ɗabi'a ce ta sa ake zuba fiya-fiya a wake, har Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya a 2015. Kayan da duk amincinsa ya dogara ga a zuba ɗan mitsitsi daidai awo, a irin wannan kasuwa zai sauka.

A ra'ayin wannan jarida, nauyin kawo hujja yana kan mai sayarwa, kuma hukumomin da za su tilasta masa suna nan. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta ba Ma'aikatar Noma ta Tarayya ikon yi wa masu harkar taki rajista da duba kayansu, NAFDAC kuma ita ke rajistar magungunan feshi. Abin da muke nema shi ne duk kayan da ke ɗauke da ƙwayoyin nano a rubuta haka a jikinsa, a faɗi wane ƙarfe ne da adadinsa, kuma kada a ba shi lasisi da sakamakon gwajin wata ƙasa kaɗai. A gwada shi a ƙasarmu, a kan gero da dawa da wake da gyaɗa, a auna abin da ya rage a harawa da kara bayan girbi, sannan a ciyar da tumakinmu, uda da balami da 'yanƙasa, na tsawon watannin da ake turka, a yanka a duba hanta da ƙoda. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ta dabbobi da ke Shika da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato za su iya wannan aiki, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda kuma tana tsakiyar manoman da abin ya shafa. Kuɗin gwajin ya fito daga aljihun kamfanin da ke son kasuwar. Daga sakamakon ne za a san kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a yanki harawa ko a saki dabba a gona, a buga shi a jikin kwalba da Hausar boko da ajami, da hoton tunkiya ga wanda ba ya karatu.

Ga Gwamnatin Jihar Zamfara, wadda ke cewa noma ne abin alfaharinta, roƙonmu ya fi sauƙi. Kada a wayi gari wani ɗan kwangila ya shigo da kwalaben da ba a gwada ba cikin kayan tallafin damina, a raba wa dubban manoma a rana ɗaya gaban kyamara. Idan mutum ɗaya ya saya da kuɗinsa ya yi asara, gona ɗaya ce. Rabon gwamnati kuwa yakan game ƙaramar hukuma sukutum, kuma manomi yana ɗaukar duk abin da ya fito daga hannun hukuma a matsayin wanda aka riga aka tantance.

Akwai kuma abin da za a iya farawa tun yanzu ba tare da jiran Abuja ba. Babu wanda ya kai mahauci ganin hantar dabba. Kullum a mayankar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ana feɗe tumaki da awaki, kuma mahaucin da ya shekara ashirin a sana'a yana gane hantar da ta yi ɗorawa ko ƙodar da ta yi baƙi tun kafin ya taɓa. Sashen kula da dabbobi na jiha ya zauna da Sarkin Fawa na kowane gari, a nuna musu hotunan abin da za su lura da shi, a ba su lambar waya guda da za su kira, a tanadi akwatin sanyi da za a ɗauki samfur a kai Gusau ko Sakkwato. A haɗa da dillalan kara da matan da ke turka, a gaya musu cewa idan tumaki uku ko huɗu suka mutu a unguwa ɗaya da jan fitsari, ko kaji da agwagi suka fara zubewa, a kira wannan lamba kafin a jefar da gawar ko a yanka a sayar.